Hoton Mutum-mutumi: Na Wane Ne?

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, yawancinmu muna tsammani duk abin da aka kafa a fili na kowa ne, wanda ya ga dama ya ɗauki hotonsa ya yi yadda ya so. To, ba haka doka ta ce ba. Tun da ya ke mu ne za mu riƙa buga mujallar makaranta da kalanda nan gaba, na ga ya kyautu in ɗan yi bayani.

Doka ta raba abu biyu, watau kayan da aka yi da hikimar da ta siffanta shi. Gwamnati tana iya sayen mutum-mutumi, tagullar ta zama tata, amma ikon kwaikwayon siffar yana nan hannun mai sassaƙa, sai fa in ya sa hannu ya sallama. Wannan shi a ke kira haƙƙin mallaka.

Ga misali daga Amurka. A birnin Washinton akwai dandalin tunawa da sojan da su ka yi yaƙin Koriya, wanda aka buɗe cikin 1995. Wani gwani mai suna Frank Gaylord shi ya ƙera sojoji 19 na ƙarfe da ke tsaye a wurin. Cikin 2003 Gidan Waya na ƙasar ya buga kan sarki da hoton sojojin nan cikin ƙanƙara. An biya mai hoto, amma ba a nemi iznin Gaylord ba. Sai ya kai ƙara. Cikin 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta ce shi ke da gaskiya, cikin 2013 kuwa aka yanke a ba shi wajen dala 685,000. Kun ga ke nan hoto guda yana iya ɗauke da haƙƙi biyu, na mai hoto da na mai sassaƙa.

Kowace ƙasa da irin tata doka. A Ingila ba laifi a ɗauki hoton ginin ko mutum-mutumin da ke kafe dindindin a bainar jama'a, har a sayar. A Faransa, dokar 2016 ta yarda wa mutum shi kaɗai, muddin ba don ciniki ba ne. Hasumiyar Eiffel ta zama ta kowa, gama Eiffel ya rasu tun 1923, amma fitilun da aka yi mata ado da su cikin 1985 sabon aiki ne, don haka masu kula da ita su ke cewa mai son cin riba da hotonta na dare ya nemi izni.

Yanzu mu komo gida. A ƙofar gidan kayan tarihi na Ikko akwai Anyanwu, mutum-mutumin tagulla na Ben Enwonwu, mutumin Anaca. Ya rasu cikin 1994. Dokarmu tana tsare irin wannan aiki har shekara 70 bayan shekarar rasuwar mai shi, watau magadansa na da iko har ƙarshen 2064. Tsohuwar dokar 1988 ta yarda a buga hoton aikin da ke kafe a fili a rarraba. Sabuwar, wadda aka sa wa hannu cikin 2023, sassaucin da ta ambata a nan na fim ne da talabijin. Amma ta bar ƙofa ga mai amfanin kansa, da mai bincike, da mai koyarwa, in an yi bisa adalci.

Saboda haka ga shawarata. In hoton na ajiya ne, ko na nuna wa yara cikin aji, ɗauka, ka kuma faɗa musu sunan wanda ya yi aikin. In za a buga a kan kalanda ko riga ko kati a sayar, ko da don asusun makaranta ne, sai a fara binciken wanda ya yi shi da shekarar rasuwarsa, sa'an nan a rubuta takarda a nemi izni. Kada kuma a manta, masu tsaron wuri suna iya hana ɗaukar hoto a cikin harabarsu, wannan kuwa wata ƙa'ida ce dabam.

Malamin da ke horon yaro don ya kwafi aikin ɗan'uwansa, bai kamata a same shi da kwafin gumin wani ba. Allah ya sa mu zama abin koyi.