Yadda Kwamfuta Take Karanta Kwanan Wata

An ƙirƙiro Jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba, 1996. Ɗalibi a Ƙaura Namoda zai rubuta 1/10/1996, amma Ba'amurke zai karanta shi 10 ga Janairu, gama su da wata suke farawa. Mutum yana iya tambaya, kwamfuta kuwa ba ta tambaya. Domin haka HTML, watau harshen gina shafukan intanet, ya bi tsarin ISO 8601 na 1988: shekara, wata, sa'an nan rana, 1996-10-01. Sifilin nan dole ne. Ƙarfe 2 na wannan yini a Shinkafi ko Zurmi kuwa shi ne 1996-10-01T14:00+01:00, domin agogonmu yana gaban agogon GMT da awa ɗaya.