MORITZ STEINSCHNEIDER, MALAMIN DA YA ƘARE RAYUWARSA WAJEN TSARA LITTATTAFAI

Duk akawun da ya taɓa yini yana birkita ɗakin ajiya don neman wata tsohuwar takarda, alhali ga babba na jiransa, ya san ciwon rashin tsari. Takarda tana nan, amma da ya ke ba wanda ya rubuta inda ta ke, da ita da babu duk ɗaya. Haka al'amarin ilmi ya ke. Littafin da ba a san sunansa ba, ba a san mawallafinsa ba, ba a kuwa san inda ya ke ajiye ba, ya ɓace ko da gara ba ta taɓa shi ba. Saboda haka muka ga ya kyautu yau mu kawo wa masu karatu labarin wani malami Bayahude na ƙasar Jamus, wanda ya yi fiye da shekara sittin yana bin littattafan mutanensa ɗaya bayan ɗaya yana rubuta bayaninsu. Sunansa Moritz Steinschneider, masana kuwa suna kiransa uban masu fihirisar littattafan Ibrananci.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haife shi ran 30 ga Maris, 1816, a garin Prossnitz na lardin Morabiya, wanda a zamanin nan ya ke ƙarƙashin Sarkin Ostiriya, yanzu kuwa yana cikin ƙasar Cek. Ubansa, Yakubu, malami ne a ilmin addininsu, yana kuma da sani a ilmin zamani. Tun yaron na shekara shida ya sa shi makarantar gari, abin da Yahudawan wannan wuri ba su saba yi ba, bai kuwa bar shi ya saki karatun addini ba. A 1833 ya tafi birnin Firag neman ƙari, a 1836 ya wuce Biyana, babban birnin ƙasar, da niyyar koyon harsunan Gabas.

A nan ya fara gamuwa da abin da ya bi shi har tsufansa. Makarantar harsunan Gabas ta gwamnati ta ƙi karɓarsa don shi Bayahude ne. Laburaren Sarki kuma ya hana shi kwafar ko abu kaɗan daga littattafan Ibranancin da ke ciki, watau littattafan kakanninsa. Bai yi zuciya ya koma gida ba. Sai ya shiga wurin malaman addinin Kirista na jami'a, ya karanta Larabci da Suryananci da Ibrananci a hannunsu. A 1839 ya isa Laifzig, ya zauna gaban Fleischer, wanda ya ke cikin manyan masana Larabci na Turai a wannan zamani. A can ne ya taya wani malami, Franz Delitzsch, gyaran wani tsohon littafin Ibrananci don ɗab'i, amma masu tace littattafai na Ostiriya suka hana a buga sunansa tare da na abokin aikinsa. Daga 1845 ya zauna a Barlin, a 1848 kuma, bayan wahala mai yawa, ya sami takardar zama ɗan ƙasar Farusiya.

AIKIN OKSFOD

Jami'ar Oksfod ta Ingila tana da wani babban laburare mai suna Bodleian. A 1829 laburaren ya sayi tarin littattafan David Oppenheim, babban malamin Yahudawan Firag wanda ya rasu a 1736, tari ne kuwa wanda da wuya a sami kamarsa a Turai. Littattafai sun zo sun cika kantoci, amma ba fihirisar da za ta gamsar da mai bincike. A 1848 aka ɗanka wa Steinschneider wannan aiki.

Shekara goma sha uku ya yi a kansa, ya kuma je Oksfod ya zauna har sau huɗu a watannin zafi. Da zai tsaya ga abin da aka sa shi, jera sunayen littattafan da ke kan kanta ya isa. Shi kuwa ya ɗauki niyyar ya ambaci kowane littafin Ibrananci da aka buga tun farkon ɗab'i har zuwa 1732, wanda laburaren ya mallaka da wanda bai mallaka ba. Ya kasa aikin kashi uku: littattafan da ba a san masu su ba, sa'an nan mawallafa da abin da kowannensu ya rubuta, sa'an nan masu ɗab'i da ma'aikatansu. Ƙarƙashin sunan kowane malami ya kan kawo zamaninsa da ƙasarsa, da inda aka yi saɓani a kansa, da wanda ya yi kuskure cikin magabata da dalilin kuskuren. Da Latin ya rubuta, aka buga shi a Barlin tsakanin 1852 da 1860. Har wa yau mai binciken tsofaffin littattafan Ibrananci ba ya wadatuwa ga barinsa.

Da sunansa ya fita sai waɗansu laburare suka neme shi ya yi musu fihirisar littattafansu na rubutun hannu. Ya yi ta Laidin a ƙasar Holan a 1858, ta Munik a 1875, ta Hambug a 1878, ta Barlin kuma kashi biyu, a 1878 da 1897. Wannan ya fi na fari wuya, gama littafin hannu sau da yawa ba shi da bango, ba farko ba ƙarshe, wani lokaci ma an ɗinke littafi biyar wuri guda an ba su suna ɗaya. Tilas mai fihirisa ya karanta, ya gwada da wani kwafi, kafin ya ce wannan na wane ne. Ban da wannan duka, daga 1858 zuwa 1882 ya riƙa fitar da wata mujalla ta labarin littattafai, har ta kai juzu'i 21.

ABIN DA YA KE CI DA SHI

Kada mai karatu ya zaci wannan duka ya kawo masa kujera a jami'a. Ya sami digirin dakta daga Laifzig a 1850, amma jami'o'in Jamus na lokacin ba su da gurbin ilmin Yahudawa. Da aka buɗe makarantun horad da limaman Yahudawa, aka yi masa tayin koyarwa, ya ƙi, domin a ganinsa wannan ilmi wurinsa jami'a, inda kowa zai zo ya karanta ya kuma yi gardama da hujja. Saboda haka ya nemi abinci ta hanyoyin da malamanmu suka sani sarai. Daga 1859 yana ba da darasi a wata ƙaramar makarantar wakafi a Barlin. Daga 1869 zuwa 1890 shi ne shugaban makarantar 'yan mata ta jama'ar Yahudawa. A 1869 ɗin kuma aka ɗauke shi mataimaki a laburaren Sarki na Barlin. Sai a 1894, yana da shekara 78, gwamnatin Farusiya ta ba shi laƙabin farfesa na girmamawa.

Akwai wani aiki kuma da ya riƙe daga 1860 zuwa 1869. A zamanin nan in Bayahude zai yi rantsuwa gaban alƙali, akwai wata rantsuwa dabam da a ke ɗora masa, mai nuna ba a amince da maganarsa kamar ta sauran mutane ba. Steinschneider ne wakilin jama'arsa wajen wannan, bai kuwa taɓa barin zarafin bayyana ƙin amincewarsa da ita ya wuce ba.

INDA LABARIN YA SHAFI LARABCI

Abin da zai fi jan hankalin malamanmu shi ne yawan aikin da ya yi a kan littattafan Larabci. Yahudawan da suka zauna a ƙasashen Musulmi, daga Bagadaza har Andalus, da Larabci su ke magana, da shi kuma su ke wallafa, sai dai sau da yawa da baƙaƙen Ibrananci su ke rubuta shi, kamar yadda mu ke rubuta Hausa da ajami. Sa'idu al-Fayyumi, wanda ya rasu a 942, ya fassara Attaura da Larabci. Musa ɗan Maimun, haifaffen Kurɗuba wanda ya rasu a Masar a 1204, da Larabci ya rubuta Dalalatul Ha'irin. Steinschneider ya tattara sunayen irin waɗannan malamai da littattafansu cikin littafi guda, wanda ya fito a 1902.

Tun kafin wannan, a 1869, ya fitar da littafi a kan rayuwar Alfarabi da rubuce-rubucensa. A 1877 ya fitar da fihirisar littattafan muhawara da aka yi da Larabci tsakanin Musulmi da Kirista da Yahudawa, ya jera na kowane ɓangare yadda ya same su.

Babban aikinsa kuwa ya fito a 1893, littafi ne mai shafi fiye da dubu a kan fassarorin da aka yi zuwa Ibrananci a tsakiyar zamani. Wata majalisar masana ta Faransa ce ta sa gasa a kan wannan batu, ya kuwa ci ladan. Ya kasa shi bisa fannoni, falsafa da lissafi da likitanci da sauransu, cikin kowane fanni kuma ya bi mawallafa: Yunanawa, Larabawa, Yahudawa, Kirista. Mai karanta shi zai ga hanyar da ilmi ya bi. Littafi ya fito daga Yunananci, masu fassara irin su Hunainu ɗan Ishaƙa suka mai da shi Larabci a Bagadaza, malaman Musulmi suka yi masa sharhi, sa'an nan Yahudawan Andalus da kudancin Faransa, irin zuriyar Ibn Tibbon, suka juya shi Ibrananci, wani lokaci daga nan ya shiga Latin. Ta wannan hanya waɗansu littattafan Musulmi suka tsira. Sharhin da Ibn Rushdi ya yi wa littafin Aflaton na sha'anin mulki, asalinsa na Larabci ya ɓace, fassararsa ta Ibrananci ce ta iso mu. Alƙanun na Ibn Sina kuma an buga shi da Ibrananci a Nafuli wajen 1491, shekara ɗari kafin a buga Larabcinsa a Rum a 1593. Har yanzu masana na komawa ga wannan littafi, shi ya sa aka fara fitar da shi da Turanci a 2013, tare da gyare-gyare da ƙari.

ƘARSHENSA

Ya rasu a Barlin ran 24 ga Janairu, 1907, yana da shekara 90. An lissafa abin da ya rubuta, manya da ƙanana, ya wuce 1,400. Ana faɗin rubutunsa da wuyar karatu, cike da gajerce-gajercen kalmomi, kuma ba ya sassauta wa malamin da ya kama da sakaci. Cikin waɗanda suka sha karatu wurinsa akwai Solomon Schechter da Alexander Marx, wanda ya riƙe laburaren makarantar malaman Yahudawa ta Niyok daga 1903 har rasuwarsa a 1953. Can ne littattafan Steinschneider na kansa suka koma.

Bai ga abin da ya biyo baya ba. Daga 1933 mulkin Hitila ya abka wa Yahudawan Jamus, sa'an nan na sauran Turai, aka hallaka miliyoyin mutane, aka ƙone littattafai, aka wawashe waɗansu. Ko a Niyok ɗin ma gobara ta tashi a wannan laburare a 1966 ta ci littafi wajen 70,000. A irin wannan rana ne a ke sanin darajar fihirisa, domin da ita a ke gane abin da ya salwanta, da ita kuma a ke neman wani kwafinsa a wani gari.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Wannan aiki ba baƙo ba ne ga Musulmi. Ibn Nadim, mai sayad da littattafai a Bagadaza, ya rubuta Alfihirist wajen 987, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya ambaci malaman ƙasashen nan cikin Infaƙul Maisuri. A zamaninmu Kensdale ya buga fihirisar littattafan Larabci na laburaren Jami'ar Ibadan tsakanin 1955 da 1958, John Hunwick kuma ya fitar da babban juzu'i a kan rubuce-rubucen malaman wannan yanki a 1995. Amma kowa ya san abin da ke cikin gafakoki da adudai a zaurukan malamai, na Larabci da na ajami, ba duka ya shiga lissafi ba. Gara na ci, damina na jiƙawa, in mai gida ya rasu kuma a kan raba littafi guda tsakanin magada.

To, ga roƙonmu ga malaman makaranta da akawuna, ku da kuka iya riƙon rajista. Kowa ya nemi izinin malamin unguwarsu cikin ladabi, ya sami littafin rubutu guda, ya rubuta sunan kowane littafi da mawallafinsa, da kalmomin da ya fara da su da waɗanda ya ƙare da su, da sunan wanda ya kwafa da shekarar in an ambata, da yawan warƙoƙinsa, da gidan da ya ke. In bai tabbata da wani abu ba ya bar gurbin fili, kada ya cika da zato. Sa'an nan ya yi kwafi biyu, ɗaya ga mai littattafan, ɗaya ga laburare ko gidan ajiye takardun tarihi mafi kusa. Mutumin da muka ba da labarinsa an rufe masa ƙofar makaranta da ta laburare, duk da haka ya yi abin da ya yi. Mu kuwa littattafan na cikin gidajenmu, masu su kuma iyayenmu ne da malamanmu. Allah ya ba mu ikon yi tun da sauran lokaci, amin.