Neman diyya bayan haɗarin keke a Ingila da Wales

Neman diyya bayan haɗarin keke hanya ce ta shari'a da wanda ya ji rauni ko ya yi asarar dukiya yana kan keke yake bi domin a biya shi kuɗi daidai da cutarwar da ta same shi. Keken da ake nufi a nan shi ne mai ƙafa biyu da ake tuƙawa da ƙafa, ba keke Napep ba. A Ingila da Wales wannan ƙara ce ta farar hula, wato tsakanin mutum da mutum, kuma daban take da tuhumar da 'yan sanda kan yi wa direba. Ana iya wanke direba a kotun laifuka amma a umarce shi ya biya diyya, domin hujjar da kotun farar hula take nema ba ta kai ta kotun laifuka tsauri ba: ya isa a nuna cewa maganar mai ƙara ta fi rinjaye. Scotland tana da nata tsarin shari'a daban.

Kalmar diyya a nan ba ta da ma'anar da take da ita a fikihun Musulunci, inda aka ƙayyade adadin abin da za a biya a kan rai ko gaɓa. A dokar Ingila ana auna asarar kowane mutum ne shi kaɗai.

Tushen ƙarar

Akasarin irin waɗannan ƙararraki sun dogara ne a kan dokar sakaci, wadda ta samu gindin zama bayan shari'ar Donoghue da Stevenson a shekarar 1932. Mai ƙara zai nuna cewa akwai haƙƙin kulawa a wuyan wanda yake ƙara, cewa ya tauye wannan haƙƙi, kuma tauyewar ce ta jawo raunin. Na farko ba ya ba da wahala, tun da duk mai amfani da hanya wajibi ne ya kula da sauran. Gardama ta fi yawa a kan na biyu da na uku.

Alƙalai suna duba Kundin Ƙa'idojin Hanya na Birtaniya wajen gane wanda ya yi sakaci. An yi wa kundin gyara a watan Janairun 2022, inda aka ɗora nauyi mafi girma a kan wanda abin hawansa ya fi iya yin ɓarna, aka kuma shawarci direba ya bar tazarar aƙalla mita 1.5 idan zai wuce mai keke da gudun da bai haura mil 30 a awa ba. Haɗurran da aka fi kai ƙara a kansu sun haɗa da mota ta sha kwana ta yanke gaban keke, fitowa daga mararraba ba tare da dubawa ba, da buɗe ƙofar mota a gaban mai keke.

Wa ke biya

Dokar Zirga-zirgar Hanya ta 1988 ta wajabta wa kowane direba yin inshorar da za ta biya wanda ya raunata. Saboda haka, ko da yake sunan direba ne a takardar ƙara, kamfanin inshorarsa ne yake ɗaukar lauya kuma shi yake biya. Idan direban ba shi da inshora, ko ya gudu ba a gano shi ba, sai a nemi diyya a wajen Hukumar Masu Inshorar Motoci, wadda aka fi sani da MIB. An kafa ta a 1946, kuma kamfanonin inshora ne suke zuba mata kuɗi.

Idan rami ne a titi ya kayar da mai keke, ana ƙarar hukumar da ke kula da titin, galibi ƙaramar hukuma, bisa sashe na 41 na Dokar Manyan Hanyoyi ta 1980. Irin wannan ƙara ta fi wuyar ci. Sashe na 58 na dokar ya ba hukuma damar kare kanta idan ta nuna tana da tsarin duba titi da gyara shi a kan kari. Ramin da ya ɓullo bayan dubawa ta ƙarshe, kuma ba wanda ya kai rahotonsa, sau da yawa ba ya kawo diyya komai munin raunin. Shi ya sa lauyoyi suke neman hoton ramin tare da abin awo a cikinsa, da kuma takardun da ke nuna ranakun da aka duba titin.

Raba laifi da batun hular kwano

Kafin 1945, wanda ya ba da gudummawa ko yaya take ga haɗarin da ya same shi yana iya rasa diyya gaba ɗaya. Dokar da aka yi a shekarar ta ba kotu ikon rage diyya gwargwadon laifin mai ƙara. Mai keken da ya fita da dare ba fitila, ko ya keta jar danja, ana iya zaftare masa kaso mai yawa.

Batun hular kwano ya fi sarƙaƙiya. Babu dokar da ta tilasta wa mai keke sanya ta a Birtaniya, shawara ce kawai a cikin kundin hanya. Duk da haka kamfanonin inshora sukan nemi a rage kashi 25 cikin ɗari, suna kafa hujja da shari'ar Froom da Butcher ta 1976, wadda ta shafi bel ɗin mota. A shari'ar Smith da Finch ta 2009, alƙali ya yarda cewa rashin sanya hula yana iya zama sakaci, amma bai rage ko sisi ba, domin wanda ake ƙara ya kasa nuna cewa hular za ta hana raunin ko ta rage shi. Nauyin kawo wannan hujja yana kan wanda ake ƙara, kuma sai da shaidar likita. Idan raunin a ƙafa ne ko hannu, maganar hula ba ta ma taso ba.

Abin da ake biya

Diyyar kashi biyu ce. Na farko shi ne na ciwo da wahala da rasa jin daɗin rayuwa, kuma ana ƙiyasta shi da rahoton likita tare da jagorar da Kwalejin Alƙalai take fitarwa. Na biyu shi ne asarar da ake iya lissafawa: albashin da aka rasa, kuɗin gashin ƙashi da magani, gyaran keke ko sayen wani, tufafi, kuɗin mota, har da ladan jinyar da dangi suka yi kyauta. A raunin ƙwaƙwalwa ko laka, kuɗin jinya da albashin shekaru masu zuwa su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba, kuma ana iya biyan wani ɓangare tun kafin a kammala shari'a. Idan mai keken ya rasu, iyalinsa suna da damar ƙara a ƙarƙashin dokar 1976 da ta shafi haɗurran da suka jawo mutuwa.

Wa'adi da kuɗin lauya

Dokar wa'adi ta 1980 ta ba da shekara 3 daga ranar haɗari, ko daga ranar da mutum ya san da raunin, domin shigar da ƙara a kotu. Rubuta wa kamfanin inshora wasiƙa ba ya tsayar da wannan lissafi. Ga yaro, ana fara ƙirga ne daga ranar da ya cika shekara 18. Idan dukiya kaɗai ta lalace, wa'adin shekara 6 ne.

Yawancin masu ƙara suna ƙulla yarjejeniya da lauya cewa ba zai karɓi lada ba sai an yi nasara. Tun daga Afrilun 2013, ladan nasarar daga cikin diyyar ake cire shi, kuma bai wuce kashi 25 cikin ɗari na diyyar ciwo da asarar baya ba. Gyaran dokar da ya fara aiki a ƙarshen Mayun 2021, wanda ya rage diyyar raunin wuya ga masu mota, bai shafi masu keke da masu tafiya a ƙasa ba. Mafi yawan ƙararraki suna ƙarewa ne da sulhu ba tare da an tsaya gaban alƙali ba.

Wasu ƙasashe

Tsarin Ingila ya ɗora wa mai keke nauyin tabbatar da laifin direba, abin da ƙungiyoyin masu keke suka daɗe suna suka, musamman ganin cewa wanda ya bugu a kai ba lallai ya tuna abin da ya faru ba. A Holan, sashe na 185 na dokar hanya ya ɗora alhaki a kan mai mota sai dai in ya nuna abu ne da ya fi ƙarfinsa. Baligi mai keke yana samun aƙalla rabin diyya ko da yana da laifi, yaro ɗan ƙasa da shekara 14 kuwa cikakkiya, in ba da gangan ya yi ba. Faransa ta bi hanya makamanciyar wannan da dokar Badinter ta 1985. Najeriya ta gaji dokar sakaci daga Ingila, kuma inshorar kare wanda aka buge wajibi ce a kan masu motoci, amma wa'adin shigar da ƙara yana bin dokar kowace jiha.