Kafin a Kunna Sabon Firiji

Duk wanda Allah ya nufa da kafa gida, ya kuma yi niyyar sayen firiji, wajibi ne ya fara duba 'yar takardar da ke manne a bayansa, domin wutar Nijeriya bolt 230 ce, alhali kayan da aka ƙera don Amurka na bolt 120 ne, kuma haɗa su kai tsaye hasara ce bayyananniya. Idan a kwance aka ɗauko firijin, a bar shi tsaye na wasu sa'o'i, har man injinsa ya koma mazauninsa. Babbar barazana gare shi kuwa, a ganina, ita ce wutar da ke ɗaukewa ta dawo nan take; saboda haka sayen sitabilaiza mai jinkirta kunnawa ba almubazzaranci ba ne.