Dalilin da ke sa injin ƙaramar taraktar yankan ciyawa ɗaukar zafi idan aiki ya yi nauyi

A Amurka da Kanada, inda gidaje da dama ke da faffaɗan fili mai ciyawa, ƙaramar taraktar da ake hawa a yi yanka tana cikin kayan aikin gida na yau da kullum. Kamfanoni irin su John Deere da Husqvarna ne ke ƙera ta, injinan kuwa galibi na Briggs & Stratton ne ko Kohler ko Kawasaki, masu ƙarfin doki 15 zuwa 25. Daga cikin matsalolin da ke kai ta wurin bakanike a lokacin zafi akwai wannan: injin ya tashi lafiya, amma da an shiga doguwar ciyawa ko an hau tudu sai ƙarfinsa ya ragu, ya yi ƙauri, wani lokaci ya mutu.

Akasarin waɗannan injina ba su da lagireto, iska ce kaɗai ke sanyaya su. A saman injin akwai fanka da ke manne da faifan ƙarfen da ke juyawa tare da shi. Ita ke zuƙo iska, murfin injin ya bi da ita ta tsakanin zara-zaran ƙarafan da ke jikin silinda, ta kwashe zafin ta fita da shi.

Ke nan gudun fankar shi ne gudun injin, kuma a nan gizo ke saƙar. An ƙera injin ya yi aiki yana juyi sau 3,000 zuwa 3,600 a minti ɗaya. Idan wuƙaƙen suka cije a jiƙaƙƙiyar ciyawa, juyin ya kan ragu, sai na'urar da makanikai ke kira gwamna ta ƙara buɗe hanyar mai don ta farfaɗo da shi. Man da ake ƙonawa ya ƙaru, zafi ya ƙaru, alhali iskar da za ta kwashe shi ta ragu.

Shi ya sa wanda ya sassauta totur don tausaya wa injin cutar da shi yake yi. Shawarar masu ƙera injinan ita ce a buɗe totur gaba ɗaya yayin yanka. Abin da ake ragewa shi ne saurin tafiya. A ɗaga wuƙaƙen sama, kada a yanke fiye da kashi ɗaya bisa uku na tsawon ciyawar a zagaye guda, a kuma wasa su, domin dakusasshiyar wuƙa tsinka ciyawa take yi da ƙarfin tsiya.

Sai kuma datti. Guntayen ciyawa da ƙura kan toshe ragar fankar da tsakanin ƙarafan silinda, kuma ɓeraye kan yi sheƙa a ƙarƙashin murfin idan an ajiye taraktar a hunturu. Daga waje ba a ganin komai, dole sai an kwance murfin. Kuskure ne kuma a bar shi a cire da sunan injin ya sha iska, don ba tare da shi ba iskar watsewa take yi.

Baƙin mai ma yana ɗauke wani kaso na zafin, saboda haka ƙarancinsa ko tsufansa na ƙara tsananta lamarin. Haka nan kafireto mai datti, wanda ke tura mai kaɗan cikin iska mai yawa.

Ɓarnar ba ƙarama ba ce. Kan silindar na alminiyum ne, zafi na iya lanƙwasa shi, gaskit ya ƙone, mazaunin bawul ya saki, daga ƙarshe fistin ya kame. Wannan tsarin sanyayawa ne a ƙananan janaretoci da injinan ban-ruwa da ake amfani da su a Najeriya, don haka janaretan da aka kulle a ɗan akurki aka kuma labta masa lodi yana fuskantar haɗari iri ɗaya.

Idan alamun zafi suka bayyana, a tsayar da wuƙaƙen, a bar injin ya ɗan yi aiki ba lodi fankar na busa shi, sannan a kashe, a jira ya huce kafin a duba mai ko a taɓa murfin.