Masaƙar Hoto a Cikin Kwamfuta: Yadda Ake Gwada Kati da Kati

A ƙasar Amurka, cikin jihar Karolina ta Arewa, akwai wani birni ana ce da shi Greensboro. Da saƙa aka san shi. Tun shekara ta 1905 masaƙar White Oak ta kamfanin Cone take fitar da shuɗin yadin nan mai kauri wanda ake ɗinka wandon jins da shi, ba ta daina ba sai ƙarshen 2017. Wanda ya san sana'ar, ko a can ko a Kano, ya san ba a auna masaƙa da yawan masaƙan da ke zaune cikinta. Abin tambaya shi ne, yadi nawa ta fitar kafin rana ta faɗi? Gama masaƙi ɗari, in zare bai iso musu ba, sai hamma.

To, haka al'amarin yake ga abin nan da ake kira katin zanen hoto, watau wani ɗan allo da ake sokawa cikin kwamfuta don ya zana abin da ido ke gani a gilashinta. Hoton nan saƙa shi ake yi da ɗigo-ɗigo. Gilashi matsakaici yana da ɗigo 1,920 a kwance, 1,080 a tsaye, jimla 2,073,600. Don motsi ya tafi sumul, akan sāke hoton duka sau 60 cikin daƙiƙa guda. Ke nan ɗigo fiye da miliyan 124 ake lissafa launinsu kafin mutum ya ƙifta ido sau biyu.

Tun tuni masana suka gane inda gizo ke saƙa. Wahalar ba ta lissafi kaɗai ba ce, har da ta jigila, watau ɗauko lambobi daga rumbun ajiya a kai wa mai lissafi, a kuma mayar. A Jami'ar Chapel Hill, misalin kilomita 80 gabas da Greensboro, wani malami mai suna Henry Fuchs da abokan aikinsa suka yi wata dabara. Suka ƙera na'ura mai suna Pixel-Planes, suka ba kowane ɗigo ɗan mai lissafinsa, suka zaunar da shi daura da rumbunsa. Wadda suka nuna a 1986 tana da 'yan masu lissafi 262,144. Kowane ɗaya ba shi da wani ƙarfin a zo a gani, amma ba ya jiran zare, yana nan a cinyarsa.

Ga misali na katuna biyu na kamfani guda, watau Nvidia. Na farko RTX 3060, ya fito a 2021. Na biyu ƙanensa, RTX 4060, ya fito a 2023. Wanda ya karanta abin da aka rubuta a kwali zai rantse wan ya fi. Wan yana da 'yan masu lissafi 3,584, ƙanen 3,072. Rumbun wan gigabait 12, na ƙanen 8. Hanyar da ke tsakanin rumbu da masu lissafi kuwa, ta wan tana ɗaukar gigabait 360 a daƙiƙa, ta ƙanen 272 kacal. Ko'ina aka duba, ƙanen ne a baya.

Amma da aka ɗora musu aiki iri ɗaya, a mafi yawan gwaji ƙanen ne ya riga gamawa. Dalili biyu ne. Na ɗaya, masaƙansa sun fi zafin hannu: ƙoshiyarsu tana kai da komowa kusan sau miliyan 2,460 a daƙiƙa, ta wan kuwa misalin miliyan 1,780. Na biyu, wanda ya fi ban sha'awa, shi ne an sa masa ɗan rumbu na kusa a cikin ƙwaƙwalwar kanta, mai megabait 24, alhali na wan 3 ne. Kamar a ajiye wa masaƙi babban kwandon kwarkwaro a gefensa, ba sai ya riƙa aiken yaro ɗakin ajiya ba. Kun ga dabarar mutanen Chapel Hill ke nan ta dawo da wata riga.

Kada a ce wan ya faɗi warwas. Akwai aikin da girman rumbu ne ke yanke hukunci. In abin da za a ɗora ya kai gigabait 10, kamar zanen babban gini da duk kayan cikinsa, ko tsarin nan na koya wa na'ura magana, to wan zai haɗiye shi cikin rumbunsa. Ƙanen kuwa tilas ya riƙa aron wuri a babban rumbun kwamfuta, hanyar can kuwa mai nisa ce, sai ka ga hoto yana tsayawa yana tafiya kamar jaki ya ga rafi. A nan zafin hannu ba ya ceto.

Sa'an nan akwai wani tarko. Kamfanin AMD ya fitar da RX 7600 a 2023, an rubuta masa masu lissafi 2,048. Wanda ya jera wannan da 3,072 zai ce an bar shi nesa, alhali a aiki suna kurkusa. Kowane kamfani da irin ƙidayarsa, kamar mudun wannan kasuwa da na waccan. Ba a gwada adadin sai tsakanin 'yan gida ɗaya, tsara ɗaya.

Abin da ya fi shafar mai saye a Katsina ko Maraɗi shi ne cin wuta, wanda sau da yawa ba a ko duba shi. RTX 3060 yana jan wat 170, RX 7600 wat 165, RTX 4060 kuwa 115. Tsakanin wa da ƙane wat 55 ke nan. Ga mai shagon zane ko mai haɗa fim wanda ke aiki awa takwas da janareto ko batirin hasken rana, wannan kuɗi ne tsaba. Kuma duk wutar da kati ya ja, zafi take komawa. In zafi ya yi masa yawa, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Saboda haka katin da aka gwada a ɗaki mai sanyi a Amurka, ba lalle ya ba da wannan gudun ba a watan Afrilu a Sakkwato, balle in ƙurar hunturu ta toshe masa fanka.

Shi ya sa masu gwaji na ƙwarai sukan ajiye kwali gefe. Sukan sa katunan ɗaya bayan ɗaya cikin kwamfuta guda, su ba su aiki guda, su ƙirga hoto nawa kowane ya zana a daƙiƙa. Ba su tsayawa ga matsakaicin adadi, sukan duba har lokutan da hoton ya fi jinkiri, gama nan ne ido ke ganin tangarɗa. Sukan kuma bar katin ya yi aiki rabin awa ko fiye, ya yi zafi sosai, kana su soma rubuta adadin.