Ƙarar gaban mota: abin da waya za ta iya ganowa kafin a je gareji

Matsalar ƙarar ƙafar mota ita ce ba ta cika fitowa a gaban bakanike ba. Mota ta wuni tana “ƙwas-ƙwas” a kan gargada, amma da an shiga gareji sai ta yi tsit. Daga nan sai a fara canke: yau shakazoba, gobe bushin, kuɗi na tafiya ƙara na nan.

Matasa da yawa na ɗauka na'urar ELM327, wadda ake soka wa mota a haɗa da manhajar Torque ta Bluetooth, za ta warware wannan. Ba za ta iya ba. Kafar OBD2 tana kawo bayanan da kwamfutar mota ke samu daga na'urorin aune-aune ne, galibi na inji. Boljoyin da tayirod ƙarfe ne da roba da giris, babu wayar da ta haɗa su da kwamfuta.

Abin da ke aiki shi ne makirfo da kyamara. Direba ya riƙe sitiyari, wani ya zauna a gefensa ya kunna manhajar ɗaukar murya, a kashe rediyo da na'urar sanyi, a bi hanyar da ƙarar ta saba fitowa. Mai ɗaukar ya riƙa faɗin abin da ake yi: an hau tudu, an karya kwana, an taka birki. Wannan bayanin ya fi sautin kansa daraja, domin lokacin da ƙara ke fitowa shi ke nuna mai laifi.

Ƙaramar ƙwanƙwasa mai yawa a kan ƙananan ramuka, ko da ana tafiya a hankali, sau da yawa linkej ne, kuma yana cikin mafi araha. “Ƙas-ƙas-ƙas” idan an murɗa sitiyari har ƙarshe ana tafiya alamar kan shaf ne, kuma galibi za a tarar robarsa ta yage, giris ya fantsama a cikin taya. Gurnanin da ke ƙaruwa da gudu, boris. Dukan “dum” mai nauyi lokacin taka birki ko tashi daga tsaye ya fi kama da bushin lowa-am. Shakazoba kuwa, a danna kusurwar motar da ƙarfi a saki. Idan ta ci gaba da lilo, ko aka ga mai ya jiƙa jikinsa, ya gaji.

Sai gwajin hannu. A ɗaga motar, a tokare ta da abin da ya fi jak aminci, domin jak kaɗai yana iya zamewa. A kama taya dama da hagu a girgiza: motsi a nan na nuna tayirod. A kama sama da ƙasa: boljoyin ko boris. A nan ne za a kunna fitilar waya, a ajiye ta bayan taya tana ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya, wanda wayoyi da yawa ke yi a kan hoto 120 ko 240 a daƙiƙa. Ɗan wasan da ido ba ya kamawa yana fitowa ƙarara.

Masu Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda ake kira EOD, su ne ya kamata su fi kowa sauraren motarsu. Tsarin ƙafarta ta gaba mai hannu biyu ne, sama da ƙasa, kuma boljoyin ƙasa yana ɗauke da nauyin motar. Idan ya fita, taya kan kwanta gefe guda nan take, abin da aka sha gani a bakin titi. Corolla tana da wani tsarin daban, inda nauyin ke bi ta kan shakazoba, kuma ita ma Honda ta koma irinsa a Accord ta 2013. Don haka ƙugi ko ƙwanƙwasa daga ƙasan EOD ba abin da za a jira ƙarshen wata ba ne.

Wajen sayen kaya, a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, gara a tafi da tsohon ƙarfen ko hotonsa a waya, tare da lambar jikin motar. Boljoyin na hannu dai caca ce, tunda ba a ganin cikinsa. Idan an canza tayirod, dole a yi alaimen, in ba haka ba taya za ta cinye ta gefe ɗaya. Kusoshin bushin kuma ana ɗaure su na ƙarshe ne bayan nauyin motar ya sauka kan ƙafafunta. Idan aka ɗaure tana rataye, robar kan murɗe ta tsage da wuri.